Cin abinci mai gina jiki da ƙaramin aljihu da tukunya ɗaya

Yawancin shawarwarin da ake bayarwa kan cin abinci mai kyau an tsara su ne don mutumin da yake da firji, da murhu mai baki uku ko huɗu, da wurin ajiya, da lokacin tsayawa a kicin. Wanda yake zaune a ɗaki ɗaya da risho ɗaya da tukunya ɗaya ko biyu, ko ɗalibi ne, ko ma'aikacin da aiki ya kai wani gari, ko uwa mai 'ya'ya a gidan haya, idan ya karanta irin waɗannan shawarwari sai ya ji kamar ba da shi ake ba. Kuma irinsa ba 'yan tsiraru ba ne. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 kan yanayin abinci a duniya ya ce a shekarar 2022 mutum fiye da biliyan 2.8 ba su da halin sayen lafiyayyen abinci, wato sama da kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya. Saboda haka duk wanda zai yi magana a kan wannan batu ya kamata ya fara da amincewa cewa ba sakaci ne kawai ke hana mutane cin abin da ya dace ba.

Cika ciki ba shi da tsada sosai idan aka gwada shi da gina jiki. Ƙarfin da jiki ke ƙonawa, wanda ake aunawa da kalori, ya fi arha a cikin gari da shinkafa da sukari da mai. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, giram ɗaya na sitaci ko sukari ko furotin yana ba da 4. Abin da ke cin kuɗi shi ne sauran: furotin, da bitamin, da sinadarin ƙarfe, da kalsiyam, waɗanda ke cikin ganye da 'ya'yan itatuwa da ƙwai da kifi da madara. Idan aljihu ya matse, ba a daina cin abinci, sai dai a riƙa zare waɗannan ɗaya bayan ɗaya har kwano ya koma sitaci da mai da gishiri. Mutum yana ƙoshi, wani ma har ya yi ƙiba, amma jininsa ya yi ƙasa, yana yawan gajiya, ciwo kaɗan ya kwantar da shi. Masana suna kiran wannan ɓoyayyiyar yunwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49, da kashi 40 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar, suna fama da ƙarancin jini, kuma rashin sinadarin ƙarfe a abinci na sahun gaba a cikin dalilan.

Mai ƙaramin kicin ba lissafi ɗaya yake yi ba, uku ne. Akwai kuɗin cefane, akwai kuɗin makamashi da lokacin girki, sannan akwai tambayar kwana nawa abin zai yi kafin ya lalace. Abu yakan yi arha a kasuwa ya zo ya yi tsada a kan wuta, kamar busasshen waken da ba a jiƙa ba. Wani kuma yakan yi arha a duka biyun, amma rabinsa ya ruɓe kafin a ci, kamar tumatirin da aka saya da yawa saboda an ga ya faɗi. A ganina nan ne gizo ke saƙar, domin mutane da yawa sun san kayan lambu na da amfani, abin da ke kayar da su shi ne lissafi na biyu da na uku, waɗanda masu ba da shawara ba su cika taɓowa ba.

An daɗe ana neman amsar tambayar nan ta abinci mafi arha da zai wadatar da jiki. A 1945 wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Stigler, ya zauna da jerin kayan abinci 77 da farashinsu, yana neman haɗin da zai biya wa babban mutum buƙatunsa na shekara guda da kuɗi mafi ƙanƙanta. Abin da ya rage masa biyar ne: garin alkama, da madarar gwangwani, da kabeji, da alayyafo, da busasshen wake. Babu wanda zai jure cin waɗannan kaɗai har shekara, shi kansa bai ce a yi hakan ba, kuma ilimin abinci ya yi nisa tun daga lokacin. Amma ƙirar amsar tana nan: hatsi, da dangin wake, da kayan lambu masu arha, da ɗan abin da ya fito daga dabba. Duk inda ka je a duniya za ka tarar abincin talakawan da suka rayu da ƙarfinsu yana da wannan ƙirar, sunaye da kayan ƙamshi ne kawai suka bambanta.

Wake da danginsa su ne ginshiƙi, don haka bari a ɗan daɗe a kansu. Babban mutum yana buƙatar furotin kusan giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, mai kilo 60 ke nan yana neman kusan giram 48. Busasshen wake giram 100 yana ɗauke da fiye da giram 20. Ƙwai ɗaya yana da kusan 6, cikin tafin hannu na gyada kusan 7, shinkafa da burodi ma suna ƙara nasu. Idan ka haɗa, za ka ga an kai adadin ba tare da an sayi nama ba. Furotin na hatsi yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira laisin, wanda wake yake da shi a wadace, shi kuma wake yana da ƙarancin metiyonin, wanda hatsi ke cike masa. A da ana cewa dole a ci su a kwano ɗaya, yanzu an gane idan an ci su a wuni ɗaya ma ya isa. Ban da furotin, wake yana kawo sinadarin ƙarfe, da folet da masu juna biyu ke buƙata, da faiba, wato ɓangaren tsiro da hanji ba ya narkarwa, wanda ke hana taurin bayan gida yake kuma rage saurin hawan sukari a jini. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu aƙalla giram 25 na faiba a rana. Ba banza ba Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2016 ga dangin wake.

Aibin wake shi ne cin wuta, kuma yana da magani. Jiƙa shi tun da dare, ko da safe kafin ka fita, yana rage lokacin dahuwa sosai. A zubar da ruwan jiƙon a sa sabo, hakan yana rage kumburin cikin da wasu ke gudu, sauran kuma jiki yakan saba idan ana ci a kai a kai, an fara da kaɗan. Wake ba iri ɗaya ba ne wajen dahuwa: wanda aka ɓare aka fasa, da adas, ƙananan nan masu faɗi, suna nuna cikin minti ashirin ko talatin ko ba a jiƙa ba. Wanda ya daɗe a ajiye ya fi sabo taurin kai. Tumatir da duk wani abu mai tsami suna hana shi laushi, don haka sai ya nuna ake zuba su. Murfi kuwa ba ado ba ne, tukunya a buɗe tana zubar da zafin da ka saya da kuɗinka, kuma da zarar ruwa ya tafasa, ƙara wuta ba ya ƙara masa zafi, tururi kawai yake ƙarawa.

Akwai wata tsohuwar dabara da aka yi amfani da ita sosai a Turai lokacin yaƙe-yaƙen duniya, sa'ad da makamashi ya yi wuya. Za ka tafasa jiƙaƙƙen wake ya yi ta ɓararraka na kusan minti goma sha biyar, tukunyar a cike ko kusa da cika, murfin ya zauna daram. Sai ka sauke, ba tare da ka ɗaga murfin ba, ka naɗe ta da tawul, ka tura ta cikin kwali ko kwando da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, ka rufe sama da gefe har babu inda iska za ta ratsa. Bayan awa uku ko huɗu idan ka buɗe, tururi zai buge ka, waken ya yi laushi ba tare da an ƙara ƙona komai ba. Shinkafa ba ta ma kai haka ba, tafasar 'yan mintoci da naɗewar kusan awa ɗaya ta isa, kuma ba ta kamawa a gindin tukunya. Sharaɗin shi ne a tarar da abincin da zafinsa sosai. Idan ya huce ya koma ɗumi-ɗumi, a mayar da shi wuta ya sake tafasa kafin a ci. Sannan babban jan wake mai siffar ƙoda yana da wani dafi na halitta da ke sa amai da gudawa idan bai dahu ba. Dole a jiƙa shi, a tafasa shi da ƙarfi na aƙalla minti goma, wasu hukumomin ma rabin awa suke cewa. Ɗumama shi a wuta marar ƙarfi ba ya kashe dafin.

Hatsi ba ya buƙatar dogon bayani. Wanda ba a cire masa dusa ba, ya fi wanda aka cire masa amfani, amma wani lokaci ya fi tsada ko ya fi cin wuta, kuma idan akwai wake da ganye a kwanon, farar shinkafa ba laifi ba ce. Abin lura kawai shi ne kada ta cinye kwanon gaba ɗaya.

Kayan lambu ne wurin da mai ƙaramin aljihu ya fi shan wahala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana, kuma ba ta lissafa dankali da rogo da sauran saiwoyi masu sitaci a ciki. Adadin yana da ban tsoro a takarda, amma ayaba ɗaya, da babban karas ɗaya, da albasa, da tumatir biyu, da yankin kabeji sun kusa kai shi ko sun wuce. Ba sai an nemi wasu 'ya'yan itatuwa na sai wane da wane da ake tallatawa da sunan suna da wani sirri ba. Abin da yake lokacinsa ne a kasuwa shi ya fi arha, galibi kuma shi ya fi daɗi.

Marar firji sai ya riƙa sayayya yana duban tsawon ran kowane abu. Kabewar da ba a yanka ba tana yin makonni, albasa da tafarnuwa haka. Kabeji yana jure kwanaki idan ana ɓare ganyensa daga waje maimakon a raba shi biyu. Karas da lemu suna biye. Ganye kamar alayyafo kuwa na yau ne, da ƙyar ya ga gobe. Saboda haka cefanen mako yana da jeri: a fara cin ganye da nunannun 'ya'yan itatuwa, a bar masu taurin rai zuwa ƙarshe. Tumatir a sayo shi gauraye, wasu sun nuna wasu da saura. Ayaba da tuffa da tumatir suna fitar da wata iska mai suna etilin da ke hanzarta nunar abin da ke kusa da su, don haka a raba musu wuri. Dankalin turawa yana son duhu, idan ya sha haske ya yi kore ko ya tsiro, a yanke wurin sosai, idan koren ya yi yawa a hakura da shi. Leda a ɗaure tana tara gumi ta ruɓar da kaya, kwando ko buhun da iska ke ratsawa ya fi. Inda iska take da zafi kuma a bushe, ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan da ke tashi yana sanyaya ta ciki, kayan lambu su ƙara kwanaki. Amma ba firji ba ce, ba a ajiye nama ko dafaffen abinci a ciki, kuma ba ta aiki sosai inda iska ke da laima.

Wannan lissafin ajiya ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an zubar da abinci fiye da tan biliyan ɗaya, kashi 60 cikin 100 daga gidaje, kuma ba a ƙasashen masu arziki kaɗai ba. Abin da ya ruɓe a kusurwar ɗaki an biya kuɗinsa kamar yadda aka biya na wanda aka ci.

Akwai masu raina kayan gwangwani da busassun kayan lambu, suna ganin sai ɗanye ne mai amfani. Ban yarda da su ba. Busasshen ganye yana rasa yawancin bitamin C, amma sinadarin ƙarfe da kalsiyam da faiba suna nan. Tumatirin gwangwani yana da amfaninsa. Waken gwangwani ya fi busasshe tsada, amma ga wanda ba shi da murhu ko kaɗan, shi ne hanyar da zai ci wake, sai dai ya tace ruwan ya ɗauraye don rage gishiri. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa har ya huje, ko ya lotsa a bakin haɗinsa, ba a ci ko da kyauta aka ba ka.

Tukunya ɗaya tana iya fitar da cikakken abinci idan an san abin da ke riga wani shiga. A zuba mai cokali ɗaya ko biyu, a soya albasa ta yi laushi, a sa kayan ƙamshi su buɗe. Sai abin da ya fi daɗewa, wake ke nan ko adas, da ruwa. Idan ya ɗauko nuna a zuba shinkafa ko dankali, tare da karas da kabewa da aka yanka manya don kada su narke. Ƙwai biyu da aka wanke ɓawonsu za su iya dahuwa a saman shinkafar, ba sai an ɗora musu wani ruwa daban ba. Ganye shi ne na ƙarshe, minti biyu ko uku kafin a sauke, ya yi laushi amma korensa na nan. Ribar wannan girki ita ce ba a tace komai. Bitamin C da wasu daga dangin bitamin B suna narkewa a ruwa, wanda ya tafasa ganye ya zubar da ruwan ya zubar da su tare. Man nan kuma ba don ɗanɗano kaɗai ba ne: bitamin A da D da E da K sai da maiƙo jiki ke ɗaukar su, karas ɗin da aka ci da ɗan mai ya fi wanda aka ci haka nan amfani.

Bayan an sauke, a matsa lemun tsami ko a yanka ɗanyen tumatir a kai. Sinadarin ƙarfen da ke cikin tsirrai ba ya shiga jiki da sauƙi kamar na nama, bitamin C ne ke taimaka masa. Shayi da kofi kuwa akasin haka suke yi, suna riƙe shi. Mai fama da ƙarancin jini gara ya ɗan jinkirta shayinsa kamar awa ɗaya bayan cin abinci. Wannan gyara ne da ba ya cin ko sisi.

Abin da ya fito daga dabba ba sai da yawa ba, amma kada a rasa shi gaba ɗaya, domin bitamin B12 ba ya samuwa a tsirrai, kuma rashinsa na dogon lokaci yana taɓa jini da jijiyoyi. Ƙwai ya fi kowa dacewa da ƙaramin kicin, yana dahuwa cikin minti goma. Ƙananan kifaye da ake ci har ƙashi, na gwangwani ko busassu, suna ba da kalsiyam da irin man da zuciya ke so, kuma ba sa neman firji kafin a buɗe. Madarar gari ma haka, amma a duba takardar, domin akwai garin da ake sayarwa kamar madara alhali yawancinsa man tsirrai ne da sukari. Nama idan an samu, a yanka shi ƙanana ya shiga tukunya ya ba kowa ɗanɗano, kuma marar firji ya saya ranar da zai dafa. Hanta tana da arha a wurare da yawa, tana cike da sinadarin ƙarfe da bitamin A, kaɗan ya isa, mai juna biyu kuma kada ta yawaita ta saboda yawan bitamin A ɗin.

Wanda ba shi da ko risho fa, kamar mazauna ɗakunan kwanan ɗalibai da aka hana kunna wuta? Butar lantarki tana dama hatsin ots, tana jiƙa siririyar taliya, ruwanta yana dafa ƙwai idan an zuba a kwano mai murfi aka bari. Tukunyar lantarki ta dafa shinkafa, in da hali, ta fi kowace na'ura amfani, domin duk girkin tukunya ɗaya da aka bayyana a sama tana yin sa, ban da jan waken nan sai an tabbatar ya tafasa da ƙarfi. Na'urar maikurowef tana dafa dankali da kayan lambu da ruwa kaɗan. Akwai kuma abincin da ba ya neman wuta sam: burodi da man gyada da ayaba, ko kabeji da karas da albasa a yanka a juye musu kifin gwangwani. Ɗanyen kayan lambu sai an wanke da ruwa mai tsabta, inda ruwan ke da shakku gara a dafa. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne hura gawayi a ɗaki a rufe. Yana fitar da iskar kabon monoksaid da ba ta da wari ba ta da launi, mutum yakan ji ciwon kai da barci ne kawai, daga nan sai labari. Ko risho ne ko gas, a buɗe taga.

Shawarar da aka fi maimaitawa ga masu tsimi ita ce a dafa da yawa sau ɗaya a riƙa ci har mako. Ga mai firji daidai ne. Ga marar firji kuwa hanyar asibiti ce. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Selshiyas, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a zafin ɗaki. Shinkafa ta fi yaudara. Akwai wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, da irinta ke tsira daga tafasa. Idan shinkafar ta huce ta zauna, sai ya farka ya saki dafi, kuma dafin nan ɗumame ba ya kashe shi. Hanci ma ba ya jin sa, abinci yakan yi kyau a ido da baki alhali ya riga ya ɓaci. Mafita ita ce a dafa daidai ci, a mayar da tsimin zuwa abin da bushewa ko gishiri ko tsami ke karewa: soyayyar gyada, garin kayan ƙamshi da aka haɗa tun farko, kayan lambu da aka tsuma a ruwan kal. Na san mutane da yawa suna kwana da abinci su ɗumama da safe kuma ba kullum suke kwanciya ba. Wanda dole ta sa shi haka, ya tafasa shi sosai har tsakiya, kada ya yi da shinkafa, kada kuma ya ba jariri ko tsoho ko mai juna biyu.

Sai kuma abincin leda, wanda ke cin kasuwarsa daidai inda kicin ya gaza. Taliyar nan mai saurin dahuwa, da Momofuku Ando ya ƙirƙiro a Japan a 1958, ta warware duka lissafin nan uku: tana da arha, tana nuna cikin minti uku, ba ta lalacewa. Shi ya sa wa'azi ba ya raba mutane da ita. Matsalarta ita ce farin gari ne da mai da gishiri, ɗan ƙullin ɗanɗanon da ke ciki yana ɗauke da kaso babba na gishirin da ya kamata a ci a wuni. Iyakar da aka sa wa babba ita ce ƙasa da giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye a burodi da dunƙule da kayan gwangwani. Idan takardar kaya ta rubuta sodiyam, a ninka shi sau biyu da rabi a samu gishirin. Maimakon a ce a daina cin taliyar, ya fi sauƙi a gyara ta: rabin ƙullin, da ƙwai, da kabeji da karas cike da hannu. Gishirin da za a saya kuma ya zama mai aidin, sinadarin da ke hana ciwon maƙoƙo.

Dalilin da ya sa ake taka-tsantsan da irin waɗannan kayayyaki ya wuce gishiri. A 2019 Kevin Hall da abokan aikinsa a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka sun ajiye mutum 20, mako biyu suna cin abincin masana'anta da aka sarrafa ƙwarai, mako biyu kuma wanda ba a sarrafa sosai ba, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kusan kalori 500 a rana, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. Mutum ashirin ba su da yawa, amma sakamakon ya yi daidai da abin da kowa ya sani, cewa biskit da lemon kwalba ba sa riƙe ciki. Gwangwanin lemo mai mililita 330 yakan ɗauki sukari kusan giram 35, alhali iyakar wuni ga matsakaicin mutum kusan giram 50 ce, an ma fi son rabin haka. Idan ana neman inda za a zaro kuɗin ƙwai da 'ya'yan itace ba tare da an ƙara kasafi ba, a fara dubawa nan.

Wajen saye, farashin kilo ake gwadawa ba na ƙulli ba. Talaka yakan fi mai kuɗi biyan tsada a kan abu ɗaya, saboda yana saye kaɗan-kaɗan, hannu baka hannu ƙwarya, kuma kowane ɗan ƙulli yana ɗauke da ribarsa. Sari ya fi arha, amma a kan abin da ba ya lalacewa kaɗai: hatsi, wake, mai, madarar gari. Mutum uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su sayi babba su raba. A ajiye a mazubi mai murfi da iska ba ta shiga, saboda ƙwari da laima. Arhar da ake gudu ita ce ta gyada ko masara da suka yi fumfuna ko suka canza launi, domin suna iya ɗauke da dafin aflatoksin mai lalata hanta, wanda girki ba ya kawar da shi. A tsince masu baƙi da waɗanda suka motse a zubar.

Duk wannan lissafi na babban mutum ne mai lafiya. Ƙaramin yaro cikinsa ƙarami ne, ba zai iya cin tulin wake da shinkafa ya samu abin da yake buƙata ba, don haka idan ƙwai ɗaya ne ko madara kaɗan a gidan, shi da mai juna biyu da mai shayarwa ne suka fi cancanta. Mai ciwon sukari zai rage hatsi ya ƙara wake da ganye. Mai ciwon ƙoda kuwa, wake da ayaba da aka yaba a nan za su iya yi masa yawa saboda sinadarin potasiyam, don haka kafin ya canza abincinsa sai ya ji ta bakin likitansa.